Yadda ake auna aikin hukumar sa ido ta bakin masu kwarmata mata bayanai

Duk hukumar da ke sa ido a kan bankuna, ko asibitoci, ko kamfanonin rarraba wutar lantarki, tana da ƙofar da ma'aikaci kan bi a ɓoye ya sanar da ita ɓarnar da ake yi a wurin aikinsa. Idan shekara ta ƙare, hukumar kan fito ta ce ta karɓi rahoto kaza, ta kammala kaza. Wannan lissafi ba ya nuna ko an saurari mutumin da kunnen basira, ko an sake waiwayarsa bayan ya yi magana, ko kuma sunansa ya koma kunnen shugaban da ya tona wa asiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ana son sanin yadda hukuma ke riƙon ƙorafi, sai an koma ga waɗanda suka kai ƙorafin an tambaye su a tsare, ba tare da an sake jefa su cikin haɗari ba.

Na daɗe ina wannan aiki, kuma tsarin da nake bi shi zan shimfiɗa a nan don wanda aka ɗora wa nauyin karon farko, ko ma'aikacin sashen binciken cikin gida ne, ko ɗan ƙungiyar farar hula da hukuma ta gayyato, ko mai nazari a jami'a. Ka riƙe abu biyu tun daga farko. Abin da kake aunawa shi ne yadda aka riƙe mutum da maganarsa, ba ko an hukunta wanda aka kai ƙararsa ba. Sannan tsaron mai amsa yana gaba da cikar takardar tambayoyinka. Duk inda suka ci karo, takardar ce za ta ja da baya.

Kayan da za ka tanada

Na farko takardar izini mai sa hannun shugaban hukumar ko na kwamitin da ke kula da ita. Izinin baki ba ya aiki a nan, domin ranar da sakamako ya fito da ɗaci kowa zai ce bai san da zancen ba.

Na biyu rajistar ƙorafe-ƙorafen da aka cire mata sunaye. Ginshiƙai shida kake buƙata: lambar ƙorafi, ranar da ya shigo, ranar da aka sanar da mai shi cewa an karɓa, ranar da aka rufe, matakin da aka ɗauka, da hanyar da mutumin ya ce a riƙa tuntuɓarsa.

Na uku alkawarin da hukumar ta ɗauka da kanta a rubuce: cikin kwana nawa za ta amsa, yaushe za ta ba da bayani. Idan ba ta da shi, ka ari ma'auni daga waje. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 kan kare masu kwarmato ta ce a tabbatar wa mutum an karɓi rahotonsa cikin kwana 7, a ba shi bayanin abin da ake ciki cikin wata 3, ko wata 6 ga hukumar waje idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Akwai kuma ƙa'idar ISO 37002 ta 2021 wadda ta tsara yadda ake karɓar irin wannan rahoto da tantance shi da rufe shi. Ba dole ba ne dokar Turai ta hau kan hukumarka, amma ta ba ka abin gwadawa da ba wanda zai ce kai ka ƙago.

Sauran kayan su ne manhajar tambayoyi, waya da layi na musamman don wannan aikin kaɗai, kwamfuta mai kulle wadda ba a haɗa ta da wani, manhajar Excel ko makamanciyarta, da abokin aiki ɗaya amintacce. A manhaja na fi son LimeSurvey domin ana iya ɗora ta a kan na'urar ajiyar da kake iko da ita, kuma tana da tsarin raba amsa da mai amsa. KoboToolbox ma tana da kyau, tana aiki ko babu intanet, kuma ana iya kulle amsoshi ta yadda sai mai mabuɗi zai buɗe. Idan Google Forms kaɗai ke hannunka, ka kashe karɓar adireshin imel da sharaɗin shiga da asusu, kada kuma ka buɗe takardar da asusun hukumar.

Mataki na 1: A daddale tun kafin a fara

Ka zauna da shugabannin hukumar ku rubuta abu huɗu: me za a auna, wa zai ga ɗanyen amsoshi, wa zai rubuta rahoto, kuma za a wallafa shi ko kuwa. Amsar ta biyu ita ce kai da abokin aikinka kawai. Jami'an da suka riƙe ƙorafe-ƙorafen ba za su ga ɗanyen amsa ba, komai kyawun niyyarsu, domin sun san mutanen, kuma layi biyu na rubutu sun isa su gane wane ne.

Maganar wallafawa ka dage a kanta yanzu, lokacin da ba wanda ya san abin da zai fito. Bayan sakamako ya bayyana, samun wannan alkawari yana da wuya ƙwarai.

A Najeriya ka duba Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023. Aikinka ya shafi bayanan mutane, don haka ka rubuta dalilin da ya halatta tuntuɓarsu, ka taƙaita abin da za ka tara, ka sa ranar da za a goge shi.

Mataki na 2: Su wa za a tambaya

Ka ɗauki duk ƙorafin da aka rufe cikin wata 12 zuwa 18 da suka wuce. Idan ya wuce haka mutane sun fara mance ranaku, wataƙila ma jami'an da suka riƙe su sun canza. Waɗanda ƙorafinsu ke buɗe ka bar su zuwa zagaye na gaba, domin mutum ba ya sakin jiki ya soki wanda har yanzu maganarsa ke hannunsa.

Babban kuskure a nan shi ne ka bar hukuma ta zaɓo maka mutane. Za a ce ai wane yana da fahimta, wane kuwa rigimamme ne, a bar shi. Ka ƙi. Ko dai a tuntuɓi kowa, ko kai ka zaɓa ta hanyar ƙuri'a daga lambobin rajista. A yawancin hukumomi adadin ba ya da yawan da zai hana a tuntuɓi kowa.

Waɗanda za a cire su ne wanda ya ce kada a sake nemansa, wanda ba a da hanyar samunsa sai imel ko wayar wurin aikinsa, da wanda ke gaban kotu da hukumar, sai an ji ta bakin lauya. Ka rubuta adadin kowane rukuni da ka cire, domin zai shiga rahoto.

Sai waɗanda suka sakaya sunansu tun asali. Idan hukumar na da akwatin saƙo a intanet da ake shiga da lambar sirri, a ajiye musu gayyatar a can. Idan babu, a sa sanarwa a shafin hukumar cewa duk wanda ya taɓa kawo rahoto zai iya cike takardar. Amma amsoshin da suka zo ta wannan buɗaɗɗiyar hanya ka ware su daban, tunda ba ka da tabbacin kowa a cikinsu ya taɓa kai ƙorafi.

Mataki na 3: Raba suna da amsa

Tsarin da ya fi aminci shi ne hukuma ta aika gayyata, kai ka karɓi amsa. Ita ta san sunaye amma ba ta ganin abin da aka ce. Kai kana ganin abin da aka ce amma ba ka san sunaye ba. Wanda ke son a kira shi a waya shi zai ba ka lambarsa da kansa.

Ka shiga saitin manhajar ka kashe duk abin da ke bin sawun mutum: adireshin na'urar da aka shigo da ita, lokacin da aka fara da lokacin da aka gama, lambar waya, da inda mutum yake. A LimeSurvey ka kunna amsa marar suna tun kafin ka buɗe takardar ga jama'a, domin bayan ta fara aiki ba a canza wannan. A KoboToolbox ka duba jerin bayanan da takarda ke kwasa da kanta ka cire alamar da ke kansu. Daga nan ka cike takardar da kanka, ka sauke amsar, ka duba kowane ginshiƙi da idonka. Abin da ka gani a nan shi duk wanda ya sace fayil ɗin zai gani.

Layin wayar ma yana buƙatar kula. Ka duba shi a Truecaller kafin ka kira kowa. Idan wani ya taɓa ajiye lambar da sunan hukumar ko da kalmar bincike, to sunan zai fito a fuskar wayar mutumin yana zaune a tsakiyar abokan aikinsa. Idan haka ne, ka canza layi.

Mataki na 4: Rubuta tambayoyin

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan tsaya.

Mutumin da ya kai rahoto aka kori ɓarawon zai ce maka komai ya yi daidai, ko da an bar shi wata takwas ba labari. Wanda kuma aka bincika maganarsa tsakani da Allah amma ba a sami hujja ba zai ce maka hukumar ba ta da amfani. Idan ka yi tambaya ɗaya, "Ka gamsu da aikin hukumar?", sakamakon shari'ar kawai za ka auna. Maganin wannan shi ne ka bi tafiyar ƙorafin daki-daki, daga shigowa har rufewa, ka bar tambayar gamsuwa ta zo a ƙarshe.

Ga tsarin da nake bi. Tambayoyin kada su haura 20, cike su kada ya wuce minti 15.

Shigowa:
- Ta wace hanya ka kai rahotonka?
- An sanar da kai cewa an karɓa? Idan eh, bayan kwana nawa: ƙasa da mako ɗaya, mako ɗaya zuwa wata ɗaya, fiye da wata ɗaya, ko ba ka tuna ba?
- An ba ka lambar ƙorafi ko sunan wanda za ka riƙa nema?

Saurare:
- An yi maka tambayoyi don a fahimci abin da ka kawo?
- Wanda ya saurare ka ya san harkar da kake magana a kai?
- An faɗa maka abin da hukumar za ta iya yi da wanda ba za ta iya ba?

Lokacin jira:
- Daga ranar da ka kai rahoto zuwa ranar da aka rufe, sau nawa hukumar ta neme ka da kanta?
- Sau nawa kai ka neme ta? An amsa maka?

Tsaro:
- An tambaye ka kafin a yi amfani da bayaninka a wurin da za a iya gane ka?
- Kana jin an gane kai ne ka kai rahoton? Idan eh, ta ina kake zaton ya fita?
- Wani abu ya same ka a wurin aiki bayan haka: canjin wuri, hana ƙarin girma, dakatarwa, kora, barazana, ko ƙaurace maka?
- Ka sanar da hukumar? Me ta yi?

Rufewa:
- An sanar da kai an rufe ƙorafin?
- An faɗa maka dalili? Ka fahimce shi?
- An nuna maka inda za ka je idan ba ka yarda ba?

Sai uku na ƙarshe: yaya ka ga riƙon da aka yi wa ƙorafinka gaba ɗaya, yaya ka ga matakin da aka ɗauka, kuma idan abokin aikinka ya ga irin abin da ka gani, za ka ba shi shawarar ya zo wannan hukuma? Ta ƙarshen nan ita ce na fi ba wa nauyi. Mutum na iya yi wa hukuma kara a kan abin da ya same shi, amma ba ya tura ɗan'uwansa inda ya san za a wulaƙanta shi.

Ka lura yawancin tambayoyin na abin da ya faru ne, ba na abin da mutum ya ji a ransa ba. Da gangan ne. Mutanenmu suna da kawaici, musamman idan magana ta haɗa da hukuma. Ka tambayi dattijo yaya aka yi da shi, ya ce maka ba laifi, an gode. Ka tambaye shi sau nawa aka kira shi cikin shekara guda, ya ce ko sau ɗaya. Amsa ta biyun ita za ta yi maka aiki.

Inda ake buƙatar ma'auni, ka yi mai hawa biyar, kuma ka rubuta kowane hawa da kalmomi maimakon lamba zalla: ban gamsu ba sam, ban cika gamsuwa ba, tsaka-tsaki, na gamsu, na gamsu ƙwarai. Ka bar gurbin "ban tuna ba" da "ba na son amsawa" a ko'ina. A ƙarshen kowane sashe ka bar fili don mutum ya yi bayani da kalmominsa, tare da gargaɗi a samansa cewa kada ya ambaci sunansa, ko na wurin aikinsa, ko na garin da yake.

Kurakuran da na fi gani a takardun da ake kawo mini in duba su ne haɗa tambaya biyu a ɗaya, kamar "An amsa maka da sauri kuma cikin ladabi?", alhali ana iya amsa wa mutum da sauri cikin tsawa, da tambayar da ke jan mutum zuwa amsa, kamar "Ka yarda jami'anmu sun yi iya ƙoƙarinsu?", da kuma yawan tambayar shekaru, jinsi, jiha, muƙami da sunan wurin aiki. Haɗa huɗu daga cikin waɗannan ya isa a nuna mutum da yatsa. Ka ɗauki biyu kacal da za su amfane ka, misali ɓangaren aiki a dunƙule da kuma ko mutum ya bayyana sunansa ko ya sakaya.

Kada ka tambayi abin da ƙorafin ya ƙunsa. Ba sake shari'ar aka sa ka ba.

Mataki na 5: Gwaji

Ka ba mutum biyar ko shida da ba su da hannu a aikin su cike a gabanka, a kan ƙaramar waya, suna faɗin abin da suka fahimta da kowace tambaya. Idan takardar na da Hausa da Turanci, ka sa wanda bai ga ta asali ba ya mayar da ita ɗaya harshen, ku gwada. Inda aka yi tuntuɓe ka gyara.

Mataki na 6: Gayyata da kira

Saƙon gayyata ya zama gajere, kuma kansa kada ya ɗauki kalmar kwarmato ko ƙorafi. "Neman ra'ayi kan hulɗarka da mu" ya isa. A ciki a bayyana wanda ke yin binciken, cewa amsawa ganin dama ce, cewa ƙin amsawa ba zai shafi komai ba, su wa za su ga amsar, da ranar da za a goge ta. A ƙara da shawarar kada mutum ya cike a kwamfutar ofis ko da intanet ɗin wurin aiki.

Ka bar takardar a buɗe mako huɗu. Tuni sau biyu ya wadatar, ɗaya bayan kwana goma, ɗaya ana saura kwana biyar. Fiye da haka takura ce ga mutumin da wataƙila yake ƙoƙarin mance abin da ya same shi.

Ga wanda ya zaɓi waya, shi zai sa lokaci. Idan ya ɗauka, bayan sallama da gaisuwa kada ka ambaci dalilin kiran sai ka ce, "Malam, yanzu lokaci ne da za ka iya magana kai kaɗai, ko in sake kira?" Idan muryar wani ka ji, ka ce ka yi kuskuren lamba, ka kashe, kada ka bar saƙo ko da wurin matarsa ko mijinta ne. Idan mace ce ta fi son mace ta yi mata tambayoyin, a tanadar mata. Kada ka naɗi murya, ka rubuta da hannu. Mai wayar zamani ka ba shi zaɓin Signal, manhajar kira da saƙo mai tsare sirri. Inda babu intanet kuma mutum ba ya son waya, takardar hannu a cikin ambulan da aka riga aka rubuta adireshinka a kai tana aiki, sai dai a haɗu a wurin da shi ya zaɓa, ba a harabar hukumar ba.

A waya za ka ci karo da mutumin da ya shekara yana neman wanda zai saurare shi. Tambaya ɗaya za ka yi ya kwashe rabin sa'a yana magana, wani ma muryarsa ta karye. Ka bar shi ya gama. Kada ka kare hukumar, kada kuma ka taya shi zaginta, kada ka yi alkawarin za a sake buɗe ƙorafinsa. Ka faɗa masa gaskiyar abin da ke hannunka, wato maganarsa za ta shiga rahoto ba tare da sunansa ba.

Mataki na 7: Idan sabon abu ya taso

Wani zai kawo maka sabuwar ɓarna, wani zai ce ana yi masa bi-ta-da-ƙulli a yanzu haka. Ka shirya wa wannan tun kafin kiran farko. Sabon rahoto ba kai za ka karɓa ba. Ka nuna masa ƙofar da ta dace, ko ka miƙa da izininsa. Mai fuskantar ramuwar gayya kuwa ka ba shi jerin wuraren da zai samu taimakon lauya, kuma ka san abin da ƙasarsa ta tanada don kada ka ba shi ƙwarin gwiwar da babu shi. A Ghana akwai Dokar Masu Kwarmato ta 2006, wadda ta ba wanda aka cutar damar kai kuka ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, CHRAJ. A Najeriya tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da shi a Disamban 2016, mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, manufa ce ta gwamnati, ba doka ce da majalisa ta zartar ba. Bambancin yana da girma ga wanda aikinsa ke kan siraɗi.

Mataki na 8: Lissafi

Ka sa a ranka amsoshin ba za su yi yawa ba, kuma wannan ba gazawarka ba ce. Hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta yi irin wannan bincike a 2022, ta wallafa a watan Mayun 2023, kuma mutum 21 ne suka cike takardar har ƙarshe. Mafi yawansu ba su gamsu ba, babban kukansu kuwa shi ne ba a gaya musu abin da aka yi da bayanin da suka bayar. Duk da ƙarancin adadin, hukumar ta amince za ta riƙa ba masu kwarmato ƙarin bayani kan matakin da ta ɗauka da dalilinsa. Mutum ashirin da ke faɗin abu guda sun isa a gyara tsari.

Amma ƙaramin adadi yana da ladubbansa. Ka rubuta ƙidaya, ba kaso ba. A ce mutum 18 suka amsa, 12 suka ce ba a sanar da su an rufe ƙorafinsu ba. Ka rubuta "12 cikin 18", kada ka ce kashi 67 cikin ɗari na masu kwarmato. Ka faɗi nawa aka gayyata, nawa aka cire da dalili, nawa suka amsa. Ka kuma faɗa a fili cewa waɗanda suka amsa ba lalle su wakilci waɗanda suka yi shiru ba: mai fushi ya fi saurin amsawa, mai tsoro kuwa ya fi saurin yin shiru.

Sai ka raba amsoshin gida biyu, waɗanda aka ɗauki mataki a kan ƙorafinsu da waɗanda ba a ɗauka ba. Hukuma za ta so ta ce masu kuka duk waɗanda ba su samu yadda suke so ba ne. Idan har waɗanda aka ɗauki mataki a kan maganarsu ma suna cewa an bar su cikin duhu, wannan uzuri ya faɗi.

Bayan haka ka ɗora abin da mutane suka ce a kan rajistar hukuma. Ga kowane ƙorafi ka lissafa kwanakin da ke tsakanin shigowa da amsar farko, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Ya fi matsakaicin lissafi gaskiya, domin ƙorafi ɗaya da ya shekara biyu yana iya karkatar da komai. Idan rajista ta nuna an amsa cikin mako guda amma mutane na cewa ba su ji komai ba, kada ka yi gaggawar ƙaryata wani ɓangare. Ka nemi ganin irin saƙon da ake aikawa. Sau da yawa saƙon na'ura ne mai layi biyu, ba suna, ba lamba, ba abin da zai biyo baya, wanda hukuma ke ƙirgawa a matsayin amsa, mai ƙorafi kuma ba ya ƙirgawa. Wannan gwadawa a dunƙule ake yin ta. Haɗa amsar mutum da fayil ɗinsa kai tsaye sai idan shi ya ba da lambar ƙorafinsa da yardarsa a rubuce.

Bayanan da mutane suka rubuta da kansu, kai da abokin aikinka kowa ya karanta shi kaɗai, ya rarraba su rukuni-rukuni, kamar jinkiri, rashin bayani, fitar suna, rashin sanin aiki, kyakkyawar mu'amala, sannan ku haɗu ku gwada. Kada ku tsallake yabo. Idan ana ta yaba wa wanda ke ɗaukar waya a karon farko amma ana kuka da abin da ya biyo baya, kun gano daidai inda igiyar ke tsinkewa.

Mataki na 9: Rahoto da abin da zai biyo bayansa

Kafin ka ɗauko maganar kowa, ka karanta ta da idon shugaban da aka kai ƙara. A ce wata ta rubuta cewa ita kaɗai ce mace a sashen lissafi na reshensu, kuma bayan hutun sallah aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya. Ba ta faɗi suna ba, amma duk wanda ke wannan reshe ya gane ta. Abin da zai shiga rahoto shi ne "wani mai amsa ya ce an canza masa wurin aiki bayan ya kai rahoto." Ka cire jinsi, wuri, lokaci, har da salon maganar mutum idan yana da karin da aka san shi da shi. Duk rukunin da bai kai mutum biyar ba, kada ka fitar da adadinsa shi kaɗai. Ka haɗa shi da wani.

Za a ce maka doka ta hana hukuma faɗin abin da ta gano a bincike. Sau da yawa gaskiya ne. Ita ma FCA sashe na 348 na dokar harkokin kuɗi ta 2000 ya taƙaita abin da za ta iya fitarwa. Amma tsakanin tona sirrin bincike da yin gum akwai fili mai faɗi. Ana iya ce wa mutum an karɓa, an miƙa ga sashe kaza, ana kan dubawa, za a sake nemanka ranar kaza, an rufe saboda dalili mai kama da kaza. Shawarwarinka su zauna a cikin wannan fili, kuma kada su wuce biyar ko shida. Kowace ta zo da ofishin da zai aiwatar da ranar kammalawa. "A inganta sadarwa" ba shawara ba ce. "A riƙa tuntuɓar kowane mai ƙorafi duk bayan wata uku ko da babu sabon labari, daga farkon zango mai zuwa, a ƙarƙashin shugaban sashen ƙorafi" ita ce shawara.

Ka ba hukumar daftarin ta gyara kuskuren ranaku ko na doka, amma ba ta da ikon cire sakamako. Idan tana da ja, a buga martaninta a gefe.

Bayan wallafawa, a aika wa duk wanda aka gayyata, har da wanda bai amsa ba, taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya: ga abin da kuka ce, ga abin da hukuma ta yi alkawari, ga ranakun. Wannan ba a tsallake shi, tunda rashin waiwaye shi ne kukan da za ka fi ji daga bakinsu.

A ranar da ka sa, ka goge ɗanyen amsoshi daga manhaja da kwamfuta da waya, ka ƙona takardun hannu, ka rubuta wa hukuma cewa an yi. Abin da za ka ajiye shi ne tambayoyin da jimillar adadi. Bayan wata 12 ka maimaita da tambayoyin nan ba tare da canza kalmominsu ba, domin a iya gwada shekara da shekara, kuma shafin farko na sabon rahoton ya zama jerin alkawuran bara, kowane da abin da aka yi a kansa.